Inabin da Na Ƙi Wankewa

Ko da zan manta hanyar gidanmu, ba zan taɓa manta ranar Alhamis ɗin da na tsaya gaban iyayen yara a Jalingo ba, gorar roba a hannu ɗaya, makirfo a ɗayan, ina zuba musu bayani a kan ƙasa. Har yau in na wuce mai sayar da inabi a bakin titi sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, in ƙara sauri kamar shi ma ya ji labarin.

Lokacin wata biyu ke nan da ɗaukata aikin koyar da kemistiri a wata makarantar kuɗi, irin waɗanda ake haɗa boko da Islamiyya. Mai makarantar, Alhaji Buba, dattijon Bafulatani ne ɗan asalin gari, maganarsa ba ta wuce biyu ko uku. Ranar da ya ɗauke ni ya ce gwaji ne na wata uku: in ya ga abin da ya gamsar da shi zai ba ni takardar tabbatarwa, in bai gani ba, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ni kuwa shekara huɗu na yi a Zariya ina yawo da digiri cikin ambulan har gefensa ya fara cinyewa, kafin kawuna da ke kasuwanci a Jalingo ya yi mini wannan hanyar. Na riga na kama ɗaki a unguwar Turaki B, na ɗauko matata. Takardar nan nake mafarki, ba dare ba rana.

Sai aka sanar za a yi ranar baje kolin kimiyya, kowane malamin kimiyya ya nuna wa iyaye wani abu, Alhaji Buba da kansa zai zauna a gaba. Na ce to, ga inda zan ci takardata. Na tambayi Madam Rifkatu, malamar bayoloji, 'yar ƙabilar Mumuye da ta shekara goma sha biyu a makarantar, me za ta nuna. Ta ce wake a cikin auduga, yara su ga yadda yake tsiro. Na yi murmushin tausayi (Allah ya yafe mini murmushin nan), na ce a raina wake kuma, a wannan zamanin?

Ni abin da ya cika mini kai a lokacin wasu rubuce-rubuce ne da na yi ta karantawa a waya, a kan Turawa masu giyar inabi. Wai mutum zai kurɓa sau ɗaya ya gaya maka daga wane yanki inabin ya fito, har gefen dutsen da aka shuka shi. Da farko na ɗauka cika baki ne, amma da na bi diddigi sai na ga kemistiri ne zalla. Ƙwayar inabi tana da zaƙi, tana da tsami iri biyu, sannan a ɓawonta da 'ya'yan cikinta akwai bauri, irin wanda ke kama maka harshe in ka ci ɗanyen mangwaro. Rana mai zafi tana ƙara zaƙin. Inda gari ba ya hucewa da dare, ɗaya daga cikin tsamin nan yakan ragu kafin a girbe. Ƙasa mai yashi ba ta riƙe ruwa, sai ƙwayar ta fito ƙanana, ɗanɗanon ya dunƙule wuri ɗaya; ƙasa mai laka kuwa sai ta ba ka ƙwaya manya masu ruwa-ruwa. Kowane wuri da irin sa hannunsa a cikin inabi. Wallahi abin ya burge ni har na daina jin kiran abinci.

Na ce to, mu bar musu giyarsu, mu ɗauki ilimin. Ruwan inabi zalla zan matse daga wurare uku, iyaye su ɗanɗana da bakinsu su ji yadda ƙasa take magana. (A nan ya kamata in gaya muku wani abu: gidan malamai na tashi, cikin ganuwa. Ban taɓa ganin giyar inabi da idona ba, balle in san warinta. A allo na san ta, da alli.)

Na sa direban kawuna ya taho mini da kwali guda na inabin da ake nomawa wajen Zariya. Na biyu na sayo a wani babban kanti, irin na ƙasar waje ɗin nan da ke zuwa cikin roba. Na uku kuwa a tsakar gidan da nake haya yake: Dada, tsohuwar da ke da gidan, tana da kurangar inabi da ta hau rumfa, mijinta ya shuka kafin ya rasu. Ƙwayarta ƙanana, baƙaƙe, zaƙi kamar zuma. Na roƙa ta ba ni kwano biyu.

Ina cikin tsinkewa a bakin ƙofa Dada ta leƙo ta ce, “Malam, ba ka wanke shi? Ga ƙura nan fari-fari a jiki.”

Na ce, “Dada, ai wannan farin shi ne sirrin. In na wanke na Zariya da ruwan Jalingo, na ɓata binciken.”

Ta dube ni, ta ce, “To, ku masu boko,” ta koma ɗaki.

Haka na niƙa su a blandar matata da ɓawo da komai, na bar su suka kwana don baurin ya sauka, na tace da rariya, na ɗura a gorunan ruwa uku, na liƙa wa kowacce suna. Ban tafasa ba, don kada wuta ta canza ɗanɗano. Wannan ranar Litinin ce, taro kuwa Alhamis. Ranar Laraba sai ga sanarwa: an yi wa Alhaji Buba rasuwa a garin Lau, ya tafi ta'aziyya, an ɗage taro mako guda. Firij ɗin makaranta kuwa tun da taransifomar layin ta ƙone ya zama ma'ajiyar takardun jarrabawa. Na sa goruna a kabad ɗin ɗakin gwaje-gwaje na kulle. Watan Maris ne, wanda ya san Jalingo ya san abin da nake nufi: ko ƙadangare a inuwa yake wuni.

Kwana na uku na buɗe kabad na tarar goruna sun kumbura, sun yi tauri kamar ƙwallo. Na murɗa murfin ta Jalingo sai ta ce “tssss”. Na tsaya ina tunani. Me ya kawo iska? Sai na tuna zafi yana faɗaɗa iska, na yaba wa kaina, na rubuta a littafi. Daga ranar kullum da safe sai in je in saki iskar, in ɗanɗana cokali guda, in rubuta. Har yanzu littafin yana nan, matata ta hana ni ƙona shi don ta riƙa samun abin dariya. “Kwana na biyar: na Jalingo ya fara kaifi, yana tsikarin harshe.” “Kwana na bakwai: zaƙi ya ragu, wani ƙamshi ya bayyana. Wataƙila ƙarfen da ke cikin jar ƙasa ne.” “Kwana na takwas: na waje bai canza sosai ba. Ƙasarsu ba ta da hali.” (Daga baya na gane su na waje da maganin hana lalacewa ake rufo su, shi ya sa suka yi jinkiri. Ba ruwan ƙasa.)

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a cikin makon nan, a ajin ƙarshe, ni da hannuna na rubuta a allo yadda yis, abin nan da ke kumbura burodi, yake cin sukari ya fitar da iska da barasa. Na ja layi biyu a ƙarƙashi. Na yi wa wata yarinya faɗa don ta manta iskar. Na fito daga ajin na wuce kai tsaye na saki iskar goruna, ban ji ko ɗar ba. An ce rashin sani ya fi dare duhu, to ni nawa ya fi muni, sanin yana nan a aljihuna, haɗa shi da abin da ke gabana ne ya gagara.

Ranar Alhamis aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, maza a dama mata a hagu. A layin gaba ga Alhaji Buba, ga Alhaji Sale shugaban ƙungiyar iyaye, tsohon direban tanka ne da ya zaga ƙasar nan kaf kafin ya tuba da hanya ya buɗe shagon taya, ga wasu dattawa biyar. Can ƙarshen layi Modibbo, malamin fiƙihu na makarantar, yana jan carbi. Azumin Alhamis yake yi, don haka ya ce a tsallake shi. Madam Rifkatu ta nuna wakenta, aka tafa mata kaɗan. Ni kuwa maƙogwarona ya bushe don tsoro, ban karya ba, sai na juya baya na tsiyaya rabin kofi na Jalingo na shanye.

Jama'a, ban taɓa iya magana irin ta ranar ba. Ni da ko gaisuwar surukai sai na yi in'ina, sai ga ni ina yawo da makirfo, ina nuna sama ina nuna ƙasa. Na yi bayanin zaƙi, na yi na tsami, na yi na bauri, na yi na yashi da laka. Na ce, “Iyayena, yau ba da kunne za ku ji ƙasarku ba, da harshe za ku ji ta!” Aka tafa. Na ga Alhaji Buba ya gyaɗa kai sau ɗaya, na ji kamar takardar ta riga ta shiga aljihuna.

To ka san ba a fara ba wa kowa abu babba yana zaune. Na durƙusa na miƙa wa Alhaji Buba kofin farko, na waje. Ya yi bismillah ya kurɓa, ya ce, “Zaƙi.” Na miƙa na Zariya. Ya kurɓa, ya ɗan yamutsa fuska. Na tsiyaya na Jalingo, yana kumfa a kofi, na ɗaga shi sama kowa ya gani, na ce, “Ranka ya daɗe, ga ƙasar kakanninka.” Ya shanye. Ya yi tari sau biyu, idonsa ya kawo ruwa. Na ce da ƙarfi, “Kun gani? Wannan kaifin ba ya fitowa a ko'ina sai nan!” Alhaji Buba ya share ido da gefen rawani ya ce, “Boɗɗum,” wato ya yi kyau, da Fulatanci. Wurin ya ɗauki tafi, wani daga baya har da cewa “Sai Jalingo!”

Na wuce wajen Alhaji Sale. Shi bai kai kofin baki ba tukuna. Ya kai hanci, ya tsaya cak. Ya dube ni, dogon kallo. Ya dubi Alhaji Buba da kofinsa da babu komai a ciki. Ya dubi rufin rumfa kamar mai neman inda take yoyo. Ya buɗe baki, ya rufe. Sannan ya runtse ido ya shanye, ya ce, “Madalla,” da wata 'yar murya. Na ce a raina, ka ga wanda ilimi ya ratsa. Sauran dattawa biyar suka karɓa bi da bi. Biyu sun sha suna santi da gaske. Uku kuwa kowanne sai ya shinshina, ya saci kallon na kusa da shi, ya haɗiye, ya ce madalla. Wurin ya yi tsit, na ɗauka girman kimiyya ne ya danne su. Alhaji Buba ya miƙo kofi ya ce a ƙara masa na gida. Na cika masa har baki.

Sai na juya na ce, “Yanzu ɗalibai su yi layi, kowa ya ɗanɗana ƙasarsa.”

Yara suka taso da gudu. Kafin na farko ya iso sai ga Madam Rifkatu ta sha gabansu. Ko teburin ba ta ƙaraso ba ta tsaya, hancinta ya motsa. Ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya ta ce, “Malam, zo gefe, ina da magana.”

Da ina da rabon sutura da na bi ta. Amma rabin kofin nan yana aiki. Na ce a makirfo, “Madam tana da tambaya! Madam, faɗi da ƙarfi kowa ya amfana, ilimi ba a ɓoye shi.” Na danƙa mata makirfo a hannu.

Ta dube ni kamar za ta yi kuka don tausayi. Ta ce, “Malam, kwana nawa wannan abu yana cikin gora?”

Na ce, “Goma.”

“Ka dafa shi?”

“A'a.”

“Ka wanke inabin?”

Na ce, “Ko kusa!” har da ɗaga ƙirji.

Ta sauke numfashi, lasifika ta kai shi har bakin get. Ta ce, “Malam, mamana burkutu take dafawa, ni a gindin tukunya na girma. Wannan abu ta nuna. Giya ne. Yara ba zai sha ba.”

Na fi daƙiƙa goma ban fahimci abin da ta ce ba. Giya? Wace giya? A ina? Har na waiwaya bayana ina neman wanda ya shigo da ita. Sai ɓangaren mata ya ɗauki salati gaba ɗaya. Dattawa suka miƙe, kujeru na faɗuwa, kowa na neman buta. Wani yana tofar da yawu a bayan rumfa, wani ya sa yatsa a maƙogwaro. Wanda ya fi kowa ɗaga murya kuwa Alhaji Sale ne: “Giya? Subhanallahi! Ashe haka take? Ashe haka warinta yake?” yana faɗa yana duba ko kowa ya ji shi.

Ni kuma ina tsaye ina rantsuwa. “Wallahi ban zuba komai ba! Inabi ne kawai! Ko yis ban saya ba!”

Madam ta ce, yanzu ba a makirfo ba, “Yis ɗin yana jikin ɓawo, Malam. Shi ne ka ƙi wankewa.”

Modibbo ya taso a hankali, ya leƙa gorar daga nesa, ya ga kumfa. Ya ce, “Malam, ruwan inabi in ya kwana biyu har ya fara kumfa, zubarwa ake yi. Ɗalibaina 'yan aji biyu sun san wannan.” Sannan dattawa suka yanyame shi: sallar azahar fa? Alwala ta karye? Rigar da ya ɗiga a kai fa? Ya ce wanda ya sha bai sani ba babu laifi a kansa, su kurkure baki su wanke inda ya taɓa. Na ga mutum uku sun sunkuyar da kai da ya ce “bai sani ba”. Alhaji Buba shi kaɗai bai motsa ba. Yana zaune a miƙe sambal, kofi biyu a cikinsa, yana kallon gaba. Can ya kira direbansa ya ce, a hankali ƙwarai, yana rarrabe kowace kalma, “Kai ni gida.”

Da aka watse ina zubar da goruna a kwata, na tambayi Madam abin da ya fi ɗaure mini kai. Na ce, “Mutum bakwai sun sha. Ba wanda ya gane?”

Ta ce, “Wasu ya gane tun a hanci. Amma Malam, a gaban Modibbo, a gaban matansu, wa zai tashi ya ce shi ya san warin giya? In ya faɗa, za a ce a ina ka sani. Ni kaɗai ne ba ni da abin ɓoyewa.”

Sai a lokacin kallon Alhaji Sale ya dawo mini, na zauna a bakin kwatar.

Kafin sallar Juma'a labari ya kai har unguwar Sarkin Dawaki, kuma a hanya ya yi ƙiba: wai wani malami daga Zariya yana da masana'anta a cikin makaranta, jarka-jarka. Kawuna ya kira ya ce kada in zo shagonsa sai ƙura ta lafa. Matata ta wanke blandarta sau bakwai, ta kuma ce duk da haka ba za ta ƙara markaɗa tattasai a ciki ba. Dada kuwa duk lokacin da na wuce takan ɗaga wani abu, ko tumatir ko yalo, ta tsoma a ruwa tana kallona.

Ranar Litinin Alhaji Buba ya aiko a kira ni ofis. Na shiga na durƙusa. Akwai takarda a gabansa, a kife.

Ya ce, “Malam, digirinka na mene ne?”

Na ce, “Kemistiri, ranka ya daɗe.”

Ya ce, “To. Abu biyu ne, na yi ta juya su tun Alhamis. Ko dai ka san abin da ke cikin gorar nan ka ba mu, ko ba ka sani ba. In ka sani, ba ka dace da makarantar da ake karanta Alƙur'ani ba. In ba ka sani ba, ba ka dace da koyar da kemistiri ba. Iyaye suna jiran amsa. Wanne zan gaya musu?”

Gaba kura, baya sayaki. Na nemi hanya ta uku, na duba ko'ina a cikin kaina, babu. Na tuna shekara huɗu na jami'a, da huɗun da na yi ina yawo da ambulan, da matata da ke jira a Turaki B. Hawaye ya cika mini ido, ba na ɓoye muku. Na ce, “Ranka ya daɗe, ban sani ba. Jahilci ne.”

Ya ce, “Ka tabbata? Za ka sa hannu?”

Na ce, “Ko a gaban alƙali.”

Ya juyo takardar. An tabbatar da ni a aiki, amma malamin lissafi na ƙananan azuzuwa. Kemistiri an haɗa wa Madam Rifkatu da bayolojinta. A ƙasa akwai layi guda da ke cewa abin da ya faru ranar baje koli ya faru ne saboda rashin sanin malamin a fanninsa. Na sa hannu da sauri kafin ya canza ra'ayi. Ina miƙewa ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “A lissafi dai babu abin da ake sha, ko?” Na ce babu, ranka ya daɗe.

Abin da na koya shi ne, takarda ba ta da hanci. Duk abin da ka sani a allo amma ba ka san warinsa ba, kafin ka miƙa wa dattawa, nemi wanda ba ya jin kunyar sani ya shinshina maka. Kuma in ya ce ka zo gefe, don Allah ka je gefen. Shekara uku ke nan ina koyar da sau da rabawa, kuma a cikin fayil ɗina akwai shaida, da sa hannuna, cewa ban san abin da na karanta ba. Wallahi ko ranar da aka ba ni digirin ban yi murnar da na yi ranar da aka yarda ni jahili ne ba.